Ƙanzo a Cikin Gara

A bayan ƙofar ɗakin Inna Huseina, a wani lungu na Fagge da ko adaidaita sahu sai dai ya sauke mutum a baki, akwai wani buhu da ya shekara huɗu a tsaye. Na tamfol ne kore, an ɗinke gindinsa da zare mai kauri, an ƙulle bakinsa da igiya. Kullum da safe in tana shara sai ta ɗaga shi ta share ƙarƙashinsa, ta mayar da shi daidai inda yake. Baƙon da bai sani ba yakan tambaya ko hatsi ne. Wanda ya sani kuwa kawar da kai yake yi, domin duk lungun an san buhun nan ya je Maiduguri a cikin garar 'yarta Ikhlas, kuma ya dawo a motar da ta kai shi. Tun daga ranar ba abin da ya rage tsakanin uwa da 'ya sai gaisuwar waya: ina kwana, lafiya lau, ya yara, sai an jima. Wannan shi ne ciwon Inna Huseina, ko da yake ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Ikhlas ita ce 'yar fari, Inna Huseina kuwa irin matan nan ne da ba sa faɗin sunan ɗan fari. Tun da aka raɗa wa yarinyar suna, bakin uwar bai taɓa furta shi ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan", in kuma rai ya yi fari ta ce "'yar gidan Malam". Ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba. Kunya ke nan, haka ta taras ana yi, haka ta yi. Amma fa ƙauna in an toshe mata baki ba mutuwa take yi ba, wata hanyar take nema, ta Inna Huseina kuwa ta cikin buhu ta bi.

Tuwo take sayarwa a gefen tashar jirgin ƙasa, shekara talatin da ɗoriya. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muciya ta gina mata damtsen da ko 'yan dako suke girmamawa. Ta fara tun jirgi yana zuwa a kai a kai, ta ci gaba har ya zama sai an kwana biyu a ji kukansa, amma direbobi da masu turin baro ba su daina jin yunwa ba, ita ma ba ta daina tuƙi ba. Abin da ya bambanta ta da sauran masu tuwo shi ne gindin tukunya. Kowa yakan bar wa mai wanke-wanke ƙanzo, ko a jiƙa a watsa wa awaki. Ita kam da kanta take kankare shi da wani tsohon cokali da ya cinye gefe guda, ta kawo gida, ta shanya a kan tabarma har ya bushe ƙarau, in ka karya ya ce ƙas. A kan ƙanzo ta sha yin faɗa da mutanen da ba ta taɓa yin faɗa da su a kan komai ba.

Kakarta Yagana ce ta fara sa mata maganar zama cikin shirin tafiya a kunne. Tsohuwar daga Barno iyayenta suka zo da ita tana ƙarama, kuma har ta rasu ba ta yarda ta zama 'yar gari ba. Takan zaunar da Huseina da yamma ta nuna mata rufin kwanon maƙwabta da haɓa, ta ce duk nan fili ne a da, ayari ke sauka, raƙuma su durƙusa, a kafa rumfa, a hura wuta, gari ya waye a nemi mutane a rasa. "Mu sauka muka yi, ba zama ba," in ji ta. Huseina takan lumshe ido ta ga gidajen sun narke, ta ga dogayen wuyoyi suna wucewa ta saman katanga a hankali, ba ƙara. Tsohuwar ta koya mata wani ƙulli da take kira ƙullin ayari, wanda in iska ta ja shi ƙara kamawa yake yi, amma ko yaro ya ja jelarsa sau ɗaya sai ya warware. A lokacin wasa Huseina ta ɗauke shi.

Wasan ya ƙare a wata marka, Ikhlas tana da wata huɗu a duniya. Ruwa ya kama ran Talata, bai ɗauke ba har Alhamis. Bayan la'asar katangar ɗakinsu ta ƙasa ta jiƙu ta ƙoshi, sai kawai ta durƙusa a hankali kamar raƙumin da aka ce ya sauka. Allah ya tsare, suna tsakar gida. Mijinta Malam Abdulgani ɗinkin tamfol yake yi wa manyan motoci, don haka ya jawo na wani direba da bai zo karɓa ba, Huseina ta ɗaure shi tsakanin bishiyar darbejiya da ƙofar zaure da ƙullin kakarta. Inuwa dai ta samu. Sai kuma aka zo maganar ciki.

Akwai shinkafa a gidan, akwai wake, akwai masara. Amma itace ya sha ruwa, gawayi ya zama kunu, ashana ta koma taɓo, lungun gaba ɗaya ruwa iya gwiwa, kowane gida da nasa kukan. Mai tuwo, 'yar mai tuwo, ta zauna a kan buhun shinkafa kwana biyu tana jin yunwa. Nononta ya ja baya. Jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma buɗe baki kawai ba sauti. Wannan buɗe bakin shi ne abin da Huseina ba ta taɓa mantawa ba.

A rana ta uku sai ga wata mata ta shigo tana keta ruwa, zani a ɗage, daro a ka. Adaugo ce, mai sayar da garin kwaki da manja a Kasuwar Sabon Gari, wadda Huseina ke sayen kaya a wurinta. Ta ga kwana uku mai tuwo ba ta leƙo ba, ta tambayi gidan har ta samu. Ta sauke daro, ta kwance leda, ta zuba gari a kwano, ta tara ruwan sama daga bakin tamfol, ta watsa sukari da gyaɗa.

"Maman Ikhlas, sha," in ji ta. "Wannan abinci ba ya neman wuta."

Huseina ta sha tana hawaye. Kafin magariba nono ya dawo. Tana kallon yarinyar tana tsotso, ta tuna tulin ƙanzon da ta zubar wa awaki a rayuwarta, wanda shi ma ruwa kawai yake nema. A ranar ta ɗauki alkawari tsakaninta da Ubangijinta cewa ba za a sake ritsa ta haka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan zango ya samo asali. Duk shekara, in ruwan farko ya sauka, kafin marka ta kankama, sai ta zaɓi rana ba ta gaya wa kowa ba. Ana zaune ƙalau sai a ji ta buga muciya a gindin daro. Daga bugun nan zuwa ta gama karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, kowa ya shiga ɗaki ya fito da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Tana shafawa sai ta bi ƙofofi da kwaɗo, ta ƙulle makullan a haɓar zani. Kwana biyu a tsakar gida, ba wutar lantarki, ba famfo, ba aike kanti. Abin da ka bari a ɗaki, ruwa ya ci.

Shekarar farko da yara suka yi wayo abin dariya ne. Malam Abdulgani, babban mutum da gemunsa, ya fito rungume da matashin kai da rediyo. Ƙanin Ikhlas, Nu'uman, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ita kuwa Ikhlas madubi ta ɗauko, ta riƙe shi da hannu biyu kamar za a ƙwace. Inna Huseina ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce to madalla, yau sai a jiƙa rediyo a sha. Da yunwa ta fara murɗa su, ta fito da nata kayan, ta kuma yi musu 'yar waƙa don kada su manta:

Igiya, ashana, tukunya,
Sauran kaya na duniya.

Ashanar a cikin tsohuwar kwalbar man shafawa mai murfi take zama, wannan doka ce. Malam ya yi gunaguni shekara biyu, a ta uku sai ga shi ya haɗo guntayen tamfol da suka rage masa a wurin aiki, kore da shuɗi da rawaya da ja, ya ɗinke su wuri guda ya zama babbar rumfa. Bai ce komai ba, ya ajiye mata a bakin ƙofa. Irin tasu soyayyar ke nan, duk gidan ba mai faɗa da baki.

Kai, duk wanda bai kwanta a ƙarƙashin rumfar nan da la'asar ba, an bar shi a baya. Rana in ta karkata sai ta ratso guntayen tamfol ɗin, fuskar wannan ta yi kore, hannun wancan ya yi ja, ƙasa ta zama kamar an shimfiɗa atamfa. Hayaniyar Titin Ibrahim Taiwo takan iso can ƙasa-ƙasa, kamar daga wani gari. In yayyafi ya zo ya riƙa taɓa rumfar da yatsa ɗaya-ɗaya, yara su yi lamo. Inna Huseina ta jiƙa ƙanzo har ya yi laushi, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa, ta zuba yaji da ɗan mai, ta kwaɗa a ƙwarya ɗaya kowa ya sa hannu. Tana ba su labarin ayari, har Nu'uman ya rantse ya ji ƙararrawar raƙumi a zaure. In zangon ya faɗo ran Lahadi, ƙararrawar gaske ce ke zuwa daga majami'un Sabon Gari, ba jimawa kuma sai ga Adaugo da ɗaurin ɗankwalinta mai tsayi, ta tuɓe takalmi ta shigo rumfa tana cewa a matsa mata, ita ma 'yar ayari ce.

Ikhlas ce ta fi kowa iya ƙullin. Tana da shekara tara take ɗaure kusurwa huɗu kafin ubanta ya gama neman bakin igiya, har ido a rufe ta iya. Uwar tana gani, zuciyarta kamar ta fashe don daɗi, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ke, ja wancan gefen, ya saki." Sai dai in an zo cin kwaɗo takan tura mata ɓangaren da ƙuli ya fi yawa, tana kallon wani wuri.

Maƙwabta kuwa sun samu abin yi. Su suka sa mata Inna Zango. In ta wuce da daron tuwo sai wani ya ɗaga murya, "Inna Zango, yaushe ayari zai tashi?" Ita kuma ba ta barin bashin magana ya kwana. "Ranar da za a tashe ka ba sallama," take cewa, ta yi gaba. Wasu suka ce ai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba su yi ƙarya ba, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaro dai ba ya tabbata yaro. Ikhlas tana aji huɗu na sakandare wasu ƙawayenta suka zo ba sanarwa, suka same ta zaune a tabarma ƙarƙashin tamfol mai faci, hannu dumu-dumu cikin ƙanzo, ga ɗakuna a kulle. Washegari labari ya zaga makaranta.

"Inna, cewa ake mun zama 'yan gudun hijira a cikin gidanmu," ta faɗa tana kuka.

Nan ne ya kamata uwar ta zaunar da ita ta ba ta labarin jaririyar da ta buɗe baki ba sauti. Ba ta yi ba. Yaya za ta dubi 'yar fari ta ce saboda ke nake yi? Sai ta ce, "In sun gama faɗa sa yi shiru." Daga shekarar Ikhlas ta riƙa shiga zango kamar mai shan maɗaci, ta ɗaure igiya ba ta ɗaga kai ba.

Ta yi karatu ta zama malamar makaranta. Malam Abdulgani ya rasu, kuma abu na ƙarshe da ya ɗinka kafin ciwo ya kwantar da shi shi ne wata ƙaramar rumfa mai launi huɗu da buhun da za a saka ta, bisa roƙon matarsa. Bayan shekara biyu Bahauddeen ya fito, ɗan dangi na nesa daga Maiduguri, yaro mai hankali, suna son juna, aka ɗaura aure aka kai amarya. Sai gara, wato kayan abincin da iyayen amarya kan kai gidan miji don a san 'yarsu ba daga sama ta faɗo ba. Inna Huseina ta yi bajinta: shinkafa, man gyaɗa, alkaki, dubulan, nakiya, ba abin da za a raina. Ana cikin loda mota sai ta fito da koren buhu a ka. A ciki akwai rumfar Malam, da igiya, da kwalbar ashana, da 'yar tukunya, da ƙanzo mudu biyar wanda ta zaɓa ɗaya-ɗaya.

Adaugo, wadda za ta bi mata masu kai gara, ta riƙe mata hannu. "Maman Ikhlas, wannan fa? Ba yau ba. Ki bari in an kwana biyu."

"Saka shi," in ji Inna Huseina.

Gaskiya dai ta yi wauta. A wurinta duk garar nan ado ce, buhun ne kaɗai dukiya, shi ne maganar da ta shekara ashirin da biyar tana son faɗa. Ta manta cewa gara a gaban dangin miji ake buɗe ta. Adaugo ce ta dawo da labari. Gida ya cika da mata cikin laffaya, turaren wuta har ba ka ganin na kusa da kai, ana buɗe kaya ana guɗa. Aka zo kan buhu, wata ta ja jelar igiya ya buɗe, ta zura hannu tana tsammanin wani abin mamaki daga Kano, ta fito da ƙanzo. Sai wata gwaggon ango ta ce, "Ikon Allah! Ashe a Kano har da gindin tukunya ake haɗa wa amarya? To ina ruwan wanke-wanken?" Dariya ta ɓarke har tsakar gida. Amarya tana cikin lulluɓi tana ji.

Da za su taho, Ikhlas ta kira Adaugo gefe, ido jawur, ta nuna buhun. "Mama, ki mayar mata. Ki ce mata ni gida na zo, ba zango ba."

Adaugo ta so ta haɗiye saƙon a hanya, amma Inna Huseina ta tsare ta sai da ta faɗa kalma-kalma. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ɗauki buhun ta kai bayan ƙofa. Daga shekarar ba a ƙara jin muciya a gindin daro ba. Nu'uman ya yi aure ya tashi, gidan ya rage daga ita sai darbejiya. Ikhlas ta haihu, ta sake haihuwa, ta zo Kano sau biyu, kuma duk zuwan idonta bai sauka bayan ƙofa ba. Abin da ya ɗaure wa lungu kai shi ne, Inna Zango ba ta daina shanya ƙanzo ba, amma kuma matar da ke faɗa a kan ɓarɓashinsa yanzu ita ce duk wata take fitowa da kwano cike ta zuba wa awakin maƙwabta. Aka ce tsufa ne.

Sai shekarar da ruwa ya shiga Maiduguri. Da hantsi ne, tana tuƙin tuwo a tasha, ta ga direbobi sun taru a kan waya ɗaya suna salati. Ta leƙa. Ruwa ne ja har saman taga, mutane a kan rufi, wata mata da yaro a wuya tana tafe ruwa iya ƙirji. Wani ya ambaci sunan unguwannin da abin ya fi ci, na biyu shi ne na su Ikhlas. Ta ajiye muciya. Tuwon ya kama ya ƙone, ƙauri ya cika wurin, ta tafi ta bar tukunyar ko kallon gindinta ba ta yi ba.

Nu'uman ya kira lambar Ikhlas, ba ta shiga. Ta Bahauddeen, ba ta shiga. Duk wanda suka sani a garin, shiru. Inna Huseina ta shiga ɗaki, idonta ya faɗa kan buhun. Ga rumfa, ga ashana, ga abinci, duk a Fagge inda rana ke haskawa, yarinyar kuwa tana can hannu wofi. Da ta bari an kwana biyu kamar yadda Adaugo ta ce, da yanzu yana wurinta. Ta ji ba za ta iya zama a ƙarƙashin rufi ba alhali ba ta san abin da ke saman kan 'yarta ba. Ta jawo tsohuwar babbar rumfa daga ƙarƙashin gado, ta kafa ita kaɗai da yatsun da suka fara ƙin lanƙwasuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye waya a gabanta. Ba wanda ya yi mata tsiya a lungun ranar.

Adaugo ta rufe rumfarta ta kasuwa ta zo ta zauna. Wannan da carbi, waccan tana motsa baki da nata addu'o'in. Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta bi ta. Da la'asar, in hasken nan mai launi ya sauko, Inna Huseina takan rasa ko barci take ko ido biyu. Sai ta ga shuɗin ya zama ruwa yana tahowa a hankali ta zaure, raƙuma suna ratsa shi ba ƙara, kakarta Yagana a kan na gaba tana waiwaye. A bayansu ga koren buhu yana yawo a kan ruwa, wata 'yar yarinya da madubi a hannu tana miƙa ɗayan hannun, kullum saura kaɗan. Sai ta farka ta duba waya.

A rana ta uku bayan azahar wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Hayaniya ce ta fara shigowa, kukan yara da ƙarar mota, sannan wata dusasshiyar murya ta ce, "Salamu alaikum, Inna..." sai ta ɗauke, kamar an nutsar da ita.

Inna Huseina ta miƙe tsaye har kanta ya bugi tamfol. "Ikhlas!" ta ƙwala. "Ikhlas! Ikhlas, kina ji na?"

Adaugo ta saki baki tana kallonta.

"Inna," muryar ta dawo a hankali, "sunana kika kira?"

"Yaran fa? Mijinki fa?"

Duk suna raye. Wayar wani ma'aikacin agaji ce ta ara, don haka ta riƙa magana da sauri, numfashi na katse ta. Da asuba ruwan ya shigo. Bahauddeen ya ɗauki yaran biyu. Maƙwabta suna ta fama da akwatuna da talabijin, ita kuwa ba ta san me ta ɗauka ba sai da suka hau saman benen wata makaranta, ta duba jikinta: tukunya a ka, igiyar shanya a ƙugu, kwalba a cikin ɗankwali.

"Inna, ashe duk shekarun nan a kwalba nake ajiye ashana, ban taɓa lura ba."

A saman benen ba inuwa, rana ta fito tana gasa jarirai. Sai ta bi mata tana karɓar laffaya da zannuwa, ta haɗa su da ƙullin ayari, ta ɗaure a ƙarafunan tankin ruwa. Iska ta yi ta ja, bai saki ba. Yara sun fi talatin a ƙarƙashi, fuskar wannan ja, ta wancan rawaya. Aka karya benci aka hura wuta da ashanarta, aka tafasa ruwan sha a tukunyarta. Har gwaggon nan mai maganar wanke-wanke a inuwar ta kwana biyu.

"Amma Inna, yunwa." Muryar ta karye. "Ba abin da za a dafa. Nonona ya janye. Ƙaramin ya yi kuka har ya koma buɗe baki kawai, ba sauti. Ba ki san yadda abin yake ba, Inna."

Inna Huseina ta runtse ido. "Na sani," ta ce. "Lokacin wata huɗu gare ki."

Can Ikhlas ta ce yanzu an kwashe su zuwa wani fili, an ba su abinci, yaron ya kama nono, amma gidan ya tafi, a waje suke kwana. Sannan ta tambaya da irin muryar da take tambaya tana 'yar shekara tara.

"Buhun nan... yana nan?"

"Yana nan."

"Ko rumfar Baba kaɗai a aiko mini. Ƙanzon na san ya lalace, shekara huɗu."

"Na Juma'ar da ta wuce ne," in ji Inna Huseina. "Duk wata nake canja shi."

Daga can sai kuka kawai ake ji, har mai wayar ya karɓi abarsa. Inna Huseina ta goge fuska da haɓar zani, ta shiga ɗaki ta fito da buhun, ta duba ƙullin bakinsa, ta ɗauki mayafi da takalmi. Adaugo ta taya ta ɗora shi a ka, tana cewa bari a kira Nu'uman ya nemo direban da za a ba wa, ai ba a rasa mai zuwa Maiduguri a tasha.

"Ba direban da zan ba wa," in ji Inna Huseina, ta nufi zaure. "Wancan karon aike na yi, shi ya sa ya dawo."